Daren da manhajata ta yi ihu ba wanda ya ji

Waɗanda suka yi ta kirana makon jiya ban ɗauka ba, da waɗanda suka ce sun daina ganina a masallaci bayan isha'i, ku yi haƙuri, lafiyata ƙalau. A lab nake kwana. Na yi alkawari a guruf ɗinmu cewa in Allah Ya fitar da ni daga ramin da na faɗa zan rubuta yadda abin ya faru, musamman saboda 'yan kwamfuta da 'yan injiniya da ke shirin fara furojet. Rubutun yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu wayfai.

Aikina na digiri na biyu a kan batirin sola ne: yadda yake caji da rana, yadda yake sauka da dare, da abin da laimar nan ta Kudu ke yi masa. Akwai wata na'ura a lab da ke auna ƙarfin wuta da zafi, an haɗa ta da waya zuwa wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 7, kuma mai bit 32. Kar ku tambaye ni dalilin da ya sa har yau muke kan Windows ɗin da ya fito a 2009, wanda masu shi ma suka daina kula da shi tun Janairun 2020. Direbar na'urar a kan wannan kwamfutar kaɗai take aiki, kuma Baba mai kula da lab ya ce duk wanda ya taɓa ta sai ya ga abin da zai gani.

Ni kuwa laftof ɗina Ubuntu ne a kai. A nan nake rubuta kod da C++, a nan na saba. To ta yaya abin da aka rubuta a Linux zai yi gudu a Windows? Nan ne kwamfailar ƙetare ke shigowa. Kwamfaila ita ce ke juya abin da ka rubuta zuwa yaren inji. Ta ƙetare kuma tana zaune a kan wata kwamfuta amma tana haifar da manhajar da za ta rayu a wata daban, kamar telan Kano da ke ɗinka wa mutumin Legas kaya da awon da aka aiko masa. Wadda na saka sunanta MinGW-w64, wato GCC da aka shirya don ta fitar da fayil ɗin .exe. Umarni ɗaya, i686-w64-mingw32-g++, sai ga manhaja, in zuba a filas in kai lab.

Akwai abu ɗaya da ba ni na rubuta ba. Wani ɗalibi da ya gama shekarun baya ya bar fayil ɗin DLL guda, shi ne ke magana da na'urar kai tsaye. DLL laburare ne da manhaja ke ɗauka lokacin da take gudu. Ka kira shi, ya ba ka awon. In na'urar ba ta amsa ba, sai ya jefa abin da ake kira eksepshan. Ga waɗanda ba 'yan fannin ba: eksepshan ihun neman ɗauki ne. Wani sashe na manhaja ya gamu da matsalar da ba zai iya magancewa ba, sai ya jefa ta sama da throw, wani sashen da ya yi shirin haka ya cafe ta da catch, ya gyara ko ya adana abin da za a iya adanawa. In babu wanda ya cafe, manhajar ta mutu nan take. Kod ɗin ɗalibin ba a bar shi ba, DLL ɗin kawai da wani ɗan fayil mai jerin sunayen ayyukansa. Lambar wayarsa da ke sashen ba ta shiga.

Ranar farko da na kai manhajar lab, ta ƙi tashi. Windows ya ce bai ga libgcc_s_dw2-1.dll ba. Abin da na yi a nan shi ne abin da na san da yawanmu muna yi, don haka ba zan ɓoye ba: na shiga intanet, na rubuta sunan, na sauke daga irin shafukan nan da ke raba DLL kamar ƙosai. Don in rage wa kaina zirga-zirga na haɗa har da libstdc++-6.dll. Sai saƙon ya canza, ya koma lamba: 0xc000007b. Wannan lambar, in kun taɓa ganinta, galibi tana nufin an haɗa mai bit 64 da mai bit 32. Na sauke wanda ba na gidan ba. Ban da haka ma, na zuba fayil ɗin da ban san wanda ya gina shi ba a kwamfutar da ke ɗauke da aikin mutum huɗu. Allah ne Ya rufa asiri babu ƙwayar cuta a ciki.

Na goge su, na koma laftof. Ashe fayilolin suna nan tun farko a cikin foldar kwamfailar, ƙarƙashin /usr/lib/gcc, suna jirana. Na ɗauki libgcc_s_dw2-1.dll na asali na kai. Sabon saƙo: ba a samu __gxx_personality_v0 a cikin libstdc++-6.dll ba. Na tsaya ina kallon allo. Wane libstdc++ kuma, bayan na goge wanda na sauke?

Nan na fara koyon yadda Windows ke neman DLL. Yana fara duba foldar da manhajar take, sannan foldojinsa na tsarin, a ƙarshe ya bi jerin foldojin da ke cikin PATH. A wannan kwamfutar akwai wata tsohuwar kwamfaila da aka saka tun zamanin da ake koyar da 'yan aji biyu da ita, kuma foldarta na cikin PATH. Daga can Windows ya ɗauko wani libstdc++-6.dll. Suna ɗaya da nawa, harafi da harafi, amma cikinsu ba ɗaya ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na kwafo nawa na ajiye kusa da manhajar don a fara ganinsa. Na danna. Yanzu kuma sai aka ce ba a samu __gxx_personality_sj0 ba.

Na cire nawa, v0 ya ɓace. Na mayar, sj0 ya ɓace. Na yi wannan lilon ya fi sau goma, kamar mai fatan kwamfuta za ta gaji ta haƙura. Na gyara gaba, baya ta ɓalle.

Yanzu da nake rubutun nan na san cewa a wannan lokacin kwamfutar ta riga ta faɗa mini matsalar gaba ɗaya. Sunaye biyu, v0 da sj0, mutum biyu ne ke neman abu biyu daban daga fayil mai suna ɗaya. Amma ni ba fahimta nake nema ba, so nake saƙon ya ɓace. Sai na samu wani bidiyo da ya ce a ƙara -static wajen haɗa manhajar. Ma'anarsa, a cusa laburaren kwamfailar a cikin .exe ɗin kansa, kar ya nemi komai a waje. Na yi haka, na cire nawa DLL ɗin daga foldar. Manhaja ta tashi. Awo ya fara shigowa, layi bayan layi, duk daƙiƙa biyar. Wallahi har hoto na ɗauka na tura wa sufabaiza. A daren na sayi tsire a wurin 'yan uwanmu na bakin get, na ci da murna.

Gwajin da ake buƙata na awa 72 ne ba tsayawa. Na kunna ranar Litinin da tsakar rana. Semina ta ci gaban aiki kuma Talatar mako mai zuwa. A sashenmu in ka rasa wannan zaman sai zango na gaba, kuma kun san abin da ƙarin zango yake nufi: kuɗin makaranta, kuɗin ɗaki, da kiran waya zuwa gida wanda ba na son yi. Yayana ne ke ɗauke da rabin nauyina, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta.

Tsarin da na yi wa manhajar shi ne ta tara awon a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ta rubuta shi a fayil in an gama, ko kuma in matsala ta taso. Na kewaye kiran DLL ɗin da try, na ajiye catch a ƙasa, a cikinsa na rubuta: adana komai, jira kaɗan, sake gwadawa. Ina alfahari da wannan sashen ma. Na ce ko wuta ta ɗauke, ni na shirya.

Kwana uku ana ruwa, irin ruwan nan na Kudu da ba ya sallama. Daren Laraba wayewar Alhamis, wajen ƙarfe biyu, wutar gari ta ɗauke, inbatar lab ɗin ta kasa riƙewa, kafin mai gadi ya tada janareta an ɗauki 'yan mintuna. Kwamfutar tana da nata ƙaramin batirin, ba ta mutu ba. Na'urar awon ce ta ɗauke. Da na shigo bayan asuba sai na tarar da baƙin allo da wannan layin:

terminate called after throwing an instance of 'std::runtime_error'

Na buɗe foldar. Fayil ɗin awo yana nan, girmansa sifili. Awa 62, awo sama da 44,000, babu ko ɗaya.

Ban yi kuka ba, amma na zauna a ƙasa na jingina da bango na ɗan lokaci. Baba mai kula da lab ya shigo ya gan ni, ya yi mini sannu da Yarbanci, ya fita ya dawo da shayi. Allah Ya saka masa.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba asarar ba ce kaɗai, rashin ma'anar ce. Saƙon yana cewa an jefa std::runtime_error ba a cafe ba. Ni kuwa ga catch ɗina, an rubuta shi don ainihin wannan nau'in. Na ce ƙila na yi kuskuren rubutu. Na canza shi zuwa catch(...), mai ɗigo uku, wanda ke cafe komai da komai ba tambaya. Na kunna, na sa hannu na zare wayar na'urar da kaina. Manhaja ta mutu, saƙo iri ɗaya. Na kewaye main gaba ɗaya da wani try ɗin. Ta mutu. Na rubuta throw a cikin nawa kod ɗin don in ga ko catch ɗin na aiki: ya cafe lafiya lau. Wato in ni na yi ihu, ana ji. In DLL ya yi ihu, kamar a daji.

Ku lura da wani abu. Zare wayar nan bai ɗauke ni daƙiƙa biyu ba. Da na yi shi ranar Litinin kafin in tafi cin tsire, da na ga wannan mutuwar tun awon bai kai goma ba. Na gwada manhajar a lokacin lafiya, na ga tana tafiya, na ce ta gama. Sashen da na rubuta don ranar wahala, wanda shi ne na fi dogara da shi, ban taɓa bari ya yi gudu ko sau ɗaya ba.

Bayan azahar na haɗu da wata Yayarmu 'yar Zariya da ke digiri na uku a sashen lantarki. Ta ga fuskata ta ce, "Malam, lafiya? Kamar wanda aka yi wa sata." Na ba ta labari a tsaye. Ba ta ko nemi ganin kod ɗin ba. Ta ce, "DLL ɗin nan, wa ya haife shi?" Na ce wani ɗalibi. Ta ce, "Ba mutumin nake tambaya ba. Wace kwamfaila?" Na ce, "Wallahi Yaya ban sani ba." Ta ce, "To je ka tambaye shi, zai faɗa maka. Ka sa masa objdump."

Na koma, na kwafi DLL ɗin zuwa laftof, na rubuta i686-w64-mingw32-objdump -p da sunan fayil ɗin, na tace layukan da ke nuna DLL ɗin da yake dogara da su. Ga su a jere: na Windows guda biyu ko uku, sai libstdc++-6.dll, sai libgcc_s_sjlj-1.dll. Na tambayi tawa kwamfailar da -v, ta zubo yadda aka gina ta, a ciki aka nuna an kashe sjlj, ana amfani da dwarf2. Sai na tuna sunan fayil ɗin da aka fara cewa babu tun ranar farko, mai dw2 a tsakiya. Sjlj a can, dw2 a nan. Sj0 a can, v0 a nan. Sai komai ya zauna.

Bari in yi bayanin yadda na fahimce shi, don a nan gizo yake saƙa.

Ku ɗauki manhaja mai gudu kamar tsani. Main ya kira wani aiki, shi kuma ya kira wani, shi ma ya kira DLL, kowane kira mataki ne. In aka jefa eksepshan a can ƙarshe, dole a bi tsanin a dawo baya, mataki bayan mataki, ana tambaya: akwai mai cafewa a nan? Harshen C++ ya faɗi abin da ya kamata ya faru, amma bai tilasta yadda za a yi wannan komawar ba. Kowace kwamfaila da dabararta, kuma GCC a kan Windows tana da guda uku.

Ta farko ita ce SJLJ, daga sunayen setjmp da longjmp na harshen C. Tana aiki kamar littafin baƙi na bakin hostel. Duk aikin da ke da try, ko yake da abin da sai an share kafin a fita, yana rubuta sunansa a littafin in ya shiga, ya goge in ya fita. In aka yi ihu, sai a buɗe littafin daga ƙasa a bi sunayen. Amfaninta, ba ruwanta da waɗanda ke tsakani da ba su yi rajista ba, tsallake su take yi. Illarta, kullum ana biyan kuɗin rubutu da gogewa, ko da ba a taɓa yin ihun ba, don haka tana rage gudu.

Ta biyu ita ce DWARF, wadda ake gajarta ta dw2. Ita babu littafi. Tun lokacin gini kwamfaila take zana taswirar kowane aiki ta ajiye a cikin fayil ɗin: in matsala ta same ka a wannan adireshin, ga yadda za ka koma baya, ga inda catch yake. Muddin lafiya ake, ba a biyan komai. Sai an yi ihu ake buɗe taswira. Illarta, in hanyar komawa ta ratsa ta wani kod da ba shi da irin wannan taswirar, misali aikin da Windows ne ya kira naka daga cikinsa, to an ɓata ke nan. A MinGW ana amfani da ita ne a ɓangaren bit 32.

Ta uku ita ce SEH, tsarin Windows ɗin kansa. GCC ta fara amfani da shi wa bit 64 daga fitowa ta 4.8, a 2013. Waɗanda ke kan sababbin kwamfutoci galibi ita suke amfani da ita ba su ma sani ba, fayil ɗinta libgcc_s_seh-1.dll. Shi ya sa abokaina da na tambaya da farko suka ce su ba su taɓa ganin irin matsalata ba. A bit 32 ne aka fi rabuwa gida biyu, ni kuma can na faɗa.

To ga abin da ya faru daren Laraba. DLL ɗin ɗalibin ɗan gidan SJLJ ne. Da na'ura ta ɗauke, ya jefa eksepshan, ya buɗe littafin baƙi yana neman mai cafewa. Ni kuma manhajata 'yar gidan DWARF ce, ba ta taɓa rubuta sunanta a wani littafi ba, tana zaune da taswirarta tana jiran a zo a tambaye ta. Ya duba littafi, babu kowa. Doka ta ce in babu mai cafewa a kira std::terminate. Aka kira. Catch ɗina yana mataki ɗaya a sama, ba a ko ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Mu da muke zaune a nan mun san irin wannan. Kullum da Turanci kake hulɗa da maƙwabcinka, ciniki, gaisuwa, aron caja, komai na tafiya. Ranar da tsautsayi ya faɗa cikin dare, da harshen uwarka za ka yi ihu, shi kuma ya ji hayaniya bai san kiransa kake ba. Manhajata da DLL ɗin sun yi awa 62 suna fahimtar juna sarai, saboda lambobi kawai suke miƙa wa juna.

Sunayen nan biyu kuwa, __gxx_personality_v0 da __gxx_personality_sj0, su ne aikin da ake kira a kowane mataki don a tambaya ko akwai catch da ya dace. Kowane gida da nasa sunan, na SEH ma yana ƙarewa da seh0. Bambancin sunan kariya ce: in ka haɗa gidajen da ba su jitu ba, manhaja ta ƙi tashi tun a ƙofa. Kuma tunda Windows ba ya ɗora fayil biyu masu suna libstdc++-6.dll ta wannan hanyar a manhaja ɗaya, dole ɗayanmu ya rasa nasa. Abin da -static ya yi shi ne ya ba ni nawa laburaren a cikin aljihu, ya bar DLL ɗin da nasa na cikin PATH. Rigimar suna ta ƙare, saƙon gargaɗi ya ɓace, matsalar tana nan daram. Ban ce -static mugun abu ba ne. In manhajarka fayil ɗaya ce ba ta hulɗa da wani DLL na C++, yana raba ka da ciwon kai da yawa, kuma har yanzu ina amfani da shi. Ni ne na sha shi a matsayin maganin ciwon da ban bincika ba.

Gyara mafi tsafta shi ne a sake gina DLL ɗin da kwamfailata, kowa ya koma gida ɗaya. Amma babu kod. Na je laburaren sashen na nemo kundin ɗalibin, aljihun faifan da ke bangon baya babu komai a ciki, abin da aka buga a rataye kuma rabi ne. Hanya ta biyu, in koma gina komai nawa da tsohuwar kwamfailar lab. Na gwada, ta yi ta ƙorafi a kan rubutun C++ na zamani da na cika kod ɗina da shi. Ba ni da kwanakin sake rubutawa.

Yayar nan ce ta sake ba ni haske, ta waya wannan karon. Ta ce, "Kai dai matsalarka ihun ne ke ƙetare iyaka. To kar ka bari ya ƙetare. Sa masa tafinta."

Abin da na yi ke nan. Na rubuta wani ƙaramin DLL, bai kai layi hamsin ba, aikinsa kawai ya tsaya tsakani. Shi ke kiran DLL ɗin ɗalibin, a cikin try da catch(...). In lafiya, ya miƙo awon ya dawo da sifili. In an jefa eksepshan, ya cafe shi tun a can, ya kwafi saƙon a cikin wurin da na ba shi, ya dawo da lamba ɗaya. Ƙofofinsa duka na sa musu extern "C", babu std::string, babu wani abu na C++ da ke ratsawa, lambobi da jerin haruffa kawai. Wannan ma yana da dalili: tun GCC 5, a 2015, aka canza tsarin std::string, don haka miƙa shi tsakanin tsohuwa da sabuwar kwamfaila wata rigimar ce daban. Sai babban sharaɗin: dole a gina tafintan da kwamfailar gidan SJLJ, kuma ya yi tarayya da DLL ɗin a kan libgcc_s_sjlj-1.dll guda, don su riƙa rubutu a littafi ɗaya. A ina zan samu irin wannan kwamfailar? Ita ce dai tsohuwar nan ta cikin PATH da na kwana biyu ina tsine wa. Ga dukkan alamu da ita ɗalibin ya yi nasa ginin. Na nemi izinin Baba, na zauna a kwamfutar lab na gina.

Wani abu kuma da ba ruwan kwamfaila: na daina tara awo a ƙwaƙwalwa. Yanzu duk awon da ya shigo ana rubuta shi a fayil nan take. Wannan wautar tawa ce tun farko, ko da eksepshan ya yi aiki daidai. Da batirin kwamfutar ne ya ƙare a daren, babu catch ɗin da zai cece ni.

Daren Alhamis na kunna, na zare waya. Allo ya rubuta cewa na'ura ba ta amsa ba, ana sake gwadawa. Na mayar, awo ya ci gaba. Na zare filogin na'urar daga bango. Haka. Na yi ta yi har sau ashirin, ina ƙirgawa a takarda, har mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Sannan na kwafi fayilolin tsohuwar kwamfailar guda biyu da DLL ɗin ke buƙata na ajiye su a foldar manhajar, don kar wata rana wani ya share ta daga kwamfutar komai ya rushe.

Ga 'yan uwa masu bit 64 da ke ganin sun tsira: akwai ƙanwar wannan matsalar tana jiranku. Ƙarƙashin duk wannan akwai laburaren C na Windows, kuma shi ma biyu ne, tsohon msvcrt.dll da sabon UCRT da ya zo tare da Windows 10. Akwai MinGW da ke gini a kan wannan, akwai mai gini a kan wancan. In ka ware ƙwaƙwalwa da malloc a gida ɗaya ka sake ta da free a ɗayan, ko ka buɗe fayil a nan ka miƙa shi can, manhajar na iya faɗuwa a wurin da ba shi da alaƙa da laifin. Umarnin objdump ɗin nan dai shi zai nuna maka wanda kowane fayil yake bi. Minti ɗaya ne. Duk DLL ɗin da aka miƙo maka a filas aka ce "yana aiki", ka yi masa wannan tambayar kafin ka ɗora digirinka a kansa.

Na sake kunna gwajin ranar Juma'a da safe kafin masallaci, ya kammala Litinin da safe. Da na duba fayil ɗin, wuta ta ɗauke sau biyu a tsakani, ɗaya minti huɗu, ɗaya kusan minti goma sha ɗaya. Giɓi biyu ƙanana a cikin jadawali, sauran duka yana nan. Na kwana ina zana jadawalin, Talata na tsaya gaban malamai da jajayen idanu. Ba wanda ya tambaye ni komai a kan SJLJ. Wani Farfesa ya shafe minti goma a kan cewa rubutun jikin jadawalina ya yi ƙanƙanta, wani kuma ya ce in ƙara gwaji a lokacin rani. An ce in ci gaba. Alhamdulillah.

Jiya na rubuta takarda shafi ɗaya na saka a foldar: sunan kwamfailar da ta gina kowane fayil, lambar fitowarta, umarnin da na yi amfani da shi, da dalilin da ya sa tafintan yake wurin. Na buga kwafi na manna a gefen kwamfutar da salatif, Baba ya ce ba zai bari a cire ba. Kod ɗina da na tafintan duka suna ciki, na kuma tura wa sufabaiza ta imel.

Duk wanda ke fama da irin wannan saƙon, ya turo mini hoton allon da abin da objdump ya nuna, ina lab yawanci bayan la'asar. Yayarmu kuma na yi mata alkawarin kilishi in na je gida hutu, ku zama shaida. Sannan wanda ya ari jan filas ɗina a masallaci ranar Juma'a, don Allah ya dawo da shi, kwafin awon na biyu yana ciki.